Amsar tambayarka a kan mutanen Taiwan da makokin 28 ga Fabrairu

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan karatu yana tafiya daidai, saƙonka ya iso, kuma na fahimci abin da ya ɗaure maka kai. Ka ce abokan karatunka a Taipei suna bikin sabuwar shekara rana ɗaya da mutanen Sin, suna rubutu da haruffan Sinawa, suna share kaburburan kakanninsu a farkon Afrilu kamar yadda ake yi a tsallaken teku, amma da ka kira ɗayansu Basine sai ya gyara maka magana da fuska a ɗaure. Ka kuma tambayi dalilin da ya sa ake rufe makarantu da ofisoshi ranar 28 ga Fabrairu, shugaban ƙasa ya je ya ajiye furanni ya sunkuyar da kai a gaban iyalan mamata, alhali ranar ba ta cikin bukukuwan da suka gada. A ganina tambayoyin nan biyu tushensu ɗaya ne.

Abin da idonka ya gani gaskiya ne, kuma su ma ba sa musunsa. Kakannin mafi yawansu sun tsallako ne daga lardunan Fujian da Guangdong tun ƙarni na 17, shi ya sa idan ka shiga tsohuwar maƙabarta za ka tarar an sassaƙa sunan garin asali a saman dutsen kabari, Quanzhou ko Zhangzhou, ko da mamacin bai taɓa taka ƙasar ba. Mazu ma, abar bautar masunta da ake ɗauka daga Dajia a yi tattakin kwana tara da ita kowace shekara, asalinta tsibirin Meizhou ne na Fujian. Sai dai tun 1895, lokacin da daular Qing ta Sin ta miƙa tsibirin Taiwan ga Japan bayan ta sha kaye a yaƙi, rayuwarsu ta kama wata hanya dabam. Shekara hamsin suka yi a hannun Japanawa, yara suka tashi da harshen Japan a makaranta, wasu har aka sauya musu suna.

Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, gwamnatin Jamhuriyar Sin ta jam'iyyar Kuomintang ta karɓi tsibirin, kuma jama'a da yawa suka tarbe ta da murna a matsayin 'yan'uwa. Murnar ba ta daɗe ba. Gwamna Chen Yi ya cika manyan muƙamai da mutanen da suka zo tare da shi, cin hanci ya yi ƙamari, farashin shinkafa ya gagari talaka, sababbin masu mulki kuma suna kallon 'yan ƙasa a matsayin waɗanda Japan ta ɓata. Da yammacin 27 ga Fabrairu 1947, jami'an hukumar da ke da ikon sayar da taba ita kaɗai suka kama wata mata da mijinta ya rasu tana sayar da sigarin fasa-ƙwauri a bakin titi a Taipei. Suka ƙwace kayanta da kuɗinta, tana roƙo ɗayansu ya buga mata gindin bindiga a ka har jini ya zuba, da jama'a suka taru kuma wani jami'i ya yi harbi ya sami wani mutum da ke tsaye yana kallo. Washegari aka yi zanga-zanga zuwa ofishin gwamna, aka buɗe wa mutane wuta, masu bore suka shiga gidan rediyo suka sanar da duk tsibirin. Chen Yi ya yi ta jan su da shawarwari har sojojin da ya nema suka sauka a tashar Keelung ranar 8 ga Maris, daga nan aka shiga kisa. Abin da ya fi ciwo shi ne yadda aka bi masu ilimi gida-gida, likitoci da lauyoyi da malamai da 'yan jarida da ɗalibai. An harbe mai zane Chen Cheng-po a bainar jama'a a gaban tashar jirgin ƙasa ta Chiayi, matarsa kuma ta ɓoye zane-zanensa shekara da shekaru don tsoro. Rahoton da gwamnati da kanta ta fitar a 1992 ya ƙiyasta mamatan tsakanin 18,000 da 28,000.

Ka lura da abin da ya biyo baya, domin a nan ne amsar tambayarka take. Mutanen da suka ɗauki girmama mamaci a matsayin ginshiƙin tarbiyya, waɗanda ke ajiye allon sunayen kakanni a cikin ɗaki suna kunna masa turare, aka hana su ambaton waɗannan mamatan. An kafa dokar soja a watan Mayun 1949, ba a ɗage ta ba sai Yulin 1987, shekara 38 ke nan. A wannan tsakanin Chiang Kai-shek, jagoran Kuomintang, ya gudo tsibirin daga Sin da mutane fiye da miliyan ɗaya bayan 'yan gurguzu sun ci su da yaƙi, aka ɗaure dubbai a kurkuku irin na tsibirin Ludao, aka kashe wasu bisa zargin da sau da yawa ba shi da tushe. Gidaje da yawa ba su ga gawa ba balle su san kabarin da za su share. A makaranta kuma yaron da ya kuskura ya yi harshen gidansu na Hokkien ko Hakka ana cin sa tara ko a rataya masa allo a wuya, irin abin da sa'o'ina suka sha a wasu makarantunmu idan aka kama su suna Hausa a aji. Har katin shaidar ɗan ƙasa yana ɗauke da lardin asalin uba, ta yadda ɗan sanda na dubawa ya san ko kai ɗan tsibiri ne ko ɗan waɗanda suka zo daga baya, kuma sai a 1992 aka cire wannan.

Ranar 10 ga Disamba 1979, ranar kare haƙƙin ɗan Adam ta duniya, masu fitar da mujallar Formosa suka shirya taro a Kaohsiung, aka yi arangama da 'yan sanda, aka kwashe jagororin adawa aka gurfanar da manyansu a kotun soja. Ɗaya daga cikinsu, Lin Yi-hsiung, yana tsare aka shiga gidansa da rana tsaka aka kashe mahaifiyarsa da 'ya'yansa mata tagwaye ƙanana, alhali jami'an tsaro na sa ido a kan gidan. Ranar kuwa 28 ga Fabrairu 1980 ce, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. Wannan shari'a ta kotun soja ita ce ta haifar da shugabannin da suka zo daga baya, domin Chen Shui-bian, ɗaya daga cikin lauyoyin da suka kare waɗanda ake tuhuma, ya zama shugaban ƙasa a 2000, Annette Lu da aka ɗaure ta zama mataimakiyarsa, Chen Chu da ita ma aka ɗaure ta shugabanci hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da aka kafa a 2020. Ban ce duk sun fita kunya ba, don Chen Shui-bian da kansa ya ƙare a kurkuku bisa laifin cin hanci.

Wanda na fi ganin girmansa a cikinsu shi ne Lee Teng-hui. Chiang Ching-kuo, ɗan Chiang Kai-shek, ana yaba masa da ɗage dokar soja, amma kada ka manta shi ne ya riƙe 'yan sandan ciki a shekarun da aka fi azabtar da mutane. Da ya rasu a 1988 Lee ya gaje shi a shugabancin ƙasa, haifaffen tsibirin na farko da ya hau kujerar, kuma yana shugaban jam'iyyar da ta yi kisan ya tsaya a gaban iyalan mamata a 1995 ya nemi gafara da sunan gwamnati. Aka yi dokar biyan diyya, aka mayar da 28 ga Fabrairu ranar hutu a 1997, tsohon gidan rediyon nan kuma ya zama gidan tarihi, kana iya zuwa ka gani. A 1996 ya tsaya zaɓen shugaban ƙasa na farko da jama'a suka kaɗa ƙuri'a kai tsaye, Beijing na harba makamai masu linzami kusa da gaɓar tsibirin, ya ci da kashi 54 cikin ɗari. Ƙuri'ar jin ra'ayi da jami'ar Chengchi ke yi ta nuna cewa a 1992 waɗanda ke kiran kansu 'yan Taiwan zalla ba su kai kashi 20 ba, a 'yan shekarun nan kuwa sun haura kashi 60, sannan kusan kashi 30 na cewa su duka biyun ne, 'yan Taiwan kuma Sinawa.

Kada ka ɗauka waɗanda suka zo a 1949 ba su da nasu baƙin cikin. Yawancinsu ƙananan sojoji ne da suka bar iyaye da mata da niyyar komawa cikin shekara ɗaya ko biyu, ba a ba su izinin ziyarar gida ba sai a ƙarshen 1987, lokacin da da yawa daga cikinsu kabari kawai suka tarar. Shi kansa Chiang Kai-shek, da ya rasu a 1975, ba a binne shi ba, gawarsa na nan cikin akwatin dutse a Cihu tana jiran a mayar da ita garinsu a lardin Zhejiang na Sin, kuma a filin da ke kusa aka jera ɗaruruwan mutum-mutuminsa da aka tuge daga makarantu da mahadar tituna. Akwai kuma waɗanda suka riga kowa zama, ƙabilu 16 na 'yan asali irin su Amis da Atayal, waɗanda kowace gwamnati ta ci ƙasarsu, sai a 1995 aka yarda su yi rajista da sunayensu na gargajiya, sai a 2016 shugaba Tsai Ing-wen ta nemi gafararsu. Inda har yanzu da sauran aiki shi ne wajen baƙin ma'aikata. Idan ka je babbar tashar jirgin ƙasa ta Taipei lokacin sallah za ka ga Musulmin Indonesiya sun cika falon suna zaune a ƙasa, masu jinyar tsofaffi ne da ma'aikatan masana'antu, kuma 'yan'uwansu da ke cikin jiragen kamun kifi na nesa sun daɗe suna kukan riƙe albashi da bashin dillalai.

Game da yadda za ka yi, ka kira kowa da sunan da ya zaɓar wa kansa, kada kuma ka tambayi dattijo abin da ya sami gidansu a 1947 sai in shi ya buɗe zancen. Idan aka gayyace ka taron tunawa ka je da tufafi marasa ado, ka tsaya shiru, abin da ya shafi turare da sunkuyawa kuma ka ba da uzuri cikin ladabi, za su fahimta. Ka sani Beijing na ɗaukar tsibirin a matsayin lardinta, Najeriya ma a kan haka take, shi ya sa a 2017 Najeriya ta ba da umarnin a mayar da ofishin kasuwancin Taiwan daga Abuja zuwa Legas, saboda haka ka kiyaye abin da kake rubutawa a intanet tunda kana da niyyar neman aiki da kamfanonin ɓangarorin biyu. Mutanen gida duk suna gaishe ka, mahaifiyarka kuma ta ce ka riƙa kiranta ranar Juma'a.