Ki bar wa Baba fadamarsa tukuna

Ƙanwata, saƙon muryarki ya shigo ina cikin jirgin ƙasa, sai da na isa gida na saurare shi a nutse. Kin ce shekara uku ke nan kina koyarwa a makarantar kwana ta 'yanmata, duk zangon jarrabawa sai yara sun yi ta faɗuwa ana cewa iska ce, kuma abin ya tsaya miki a rai har kina son zuwa Ingila ki yi digiri na biyu a ilimin halayyar ɗan Adam, ki zama mai bincike kan lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai. Kin ce Baba ya yarda zai sayar da fadamarsa ta bakin kogin Haɗeja. A nan na miƙe zaune.

Kada a sayar. Kuɗin fadamar da wuya ya kai ki ƙarshen zango na farko. Bayan kuɗin makaranta akwai na biza, akwai harajin lafiya fam 776 a kowace shekara wanda ake biya tun kafin ki taso, ga haya da ba ta san uzuri ba. Ɗalibi awa 20 kawai doka ta ba shi ya yi aiki a mako lokacin karatu. Tun Janairun 2024 kuma mai digiri na biyu na zaman aji ba ya zuwa da iyali, sai mai digirin bincike, to ki lissafa da maigidanki da ɗan yayen da ke bayanki. Da Naira ta faɗi bayan Yunin 2023, na ga 'yan gida a nan da suka zo da kuɗin shekara cif, suka wayi gari bai kai na rabinta ba. Wata har abincin sadaka na raka ta karɓa, tana rufe fuska da mayafi.

Akwai kuma abin da ba ki rarrabe ba a saƙonki. Mai duba marasa lafiya daban, mai bincike daban. A Ingila, kafin ki zauna da majinyaci a matsayin ƙwararriya, sai digirinki ya samu amincewar ƙungiyar masana fannin ta Birtaniya, sannan ki yi wani digirin na shekara uku wanda hukumar lafiyarsu ke ɗaukar nauyi, kuma kusan duk guraben nasu ne, 'yan ƙasa ma kokawa suke a kai. Ke da kika karanta ba da shawara da jagoranci a tsangayar ilimi, wannan ƙofa ta yi miki nisa. Ta bincike ita ce a buɗe, kuma ita na bi.

Sai dai kada ki ɗauka aljanna ce. Bayan digiri na uku, aikin da ake samu na kwantiragi ne, shekara biyu ko uku, kuɗin binciken na ƙarewa kujerarki ta tafi. Yanzu ina kan na biyu. Rabin lokacina neman tallafi nake rubutawa, sauran rabin ina gyara takardar da mujalla ta dawo mini da ita. Ga ƙididdiga, wadda ba wanda ya gaya mini ita ce ƙashin bayan fannin. Na zo da zaton hira zan riƙa yi da mutane, sai ga ni gaban kwamfuta ina kuka da wata manhaja mai suna R. Ki fara koyonta tun yanzu, kyauta ce.

To ga abin da ya sa ban ce ki haƙura ba. A 2010 wasu masana suka nuna cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen da ake gwaji a kansu a manyan mujallun fannin nan daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na al'ummar duniya suke. Wato an auna ɗan jami'ar Amurka an ce ga ɗan Adam. Yaran da ke kwance a ɗakin matiron ɗinku ba sa cikin lissafin.

Bari in nuna miki da misali. Akwai takardar tambayoyi tara da ake auna ciwon damuwa da ita a duniya, PHQ-9. Ɗaya daga ciki tana tambaya ko a mako biyun da suka wuce kina kasa tattara hankali wajen karanta jarida ko kallon talabijin. Lokacin da na zo gida tattara bayanai, na karanta wa wata yarinya 'yar aji biyar wannan tambaya. Ta dube ni ta ce, "Anti, mu ai ba mu da wuta." Da na ce mata, in kina tilawa ko kina tsince shinkafa hankalinki na tafiya? Sai ta sunkuyar da kai, ta ce rannan har tuwo ta ƙona, kishiyar uwarta ta doke ta. Tambaya ta tara kuwa, wadda ke cewa ko kin taɓa jin gara ki mutu, "A'uzubillahi" ake amsa miki da ita, a rufe maganar. Amma ki ce ko takan ji duniyar ta ishe ta, za ki ji abin da ba ki zata ba. Mutanenmu ba sa cewa suna da ciwon damuwa. Cewa suke kaina na sarawa, gabana na faɗuwa, jikina ya mutu, wani abu ya tokare mini ƙirji. Farfesan da ke duba aikina ya fi ni karatu nesa ba kusa ba, amma wannan kunnen ba shi da shi. Ke kina da shi.

Faɗuwar 'yanmata a makarantun kwana kuwa ba yau ta fara ba, iyayenmu na tuna zamanin aljana Sumbuka a Kano a tsakiyar shekarun 1990. Kada ki shiga da niyyar ƙaryata mai ruƙiyya, za ki rasa iyayen yaran a rana ɗaya. Likitan ƙwaƙwalwa Adeoye Lambo a Aro ta Abeokuta, tun 1954, a gidajen ƙauye yake saukar da majinyata tare da danginsu, yana aiki da masu maganin gargajiya. Farfesa Oye Gureje na Ibadan ya gwada haɗa ma'aikatan lafiya da masu magani na gargajiya da na addini, sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2020. A Zimbabwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda kakanni mata ya horar suna zama kan benci suna sauraron masu damuwa. Duk daga gida suka tono tambayoyinsu.

Don haka ga shawarata. Ki sayi littafin rubutu mai kauri. Duk yarinyar da ta faɗi, ki rubuta rana da lokaci, ko ta karya kumallo, saura kwana nawa jarrabawa, ko an zo mata ziyara, ko akwai maganar aure a gida, da ainihin kalmomin da ta faɗa da ta farfaɗo. Ban da suna. Wannan na fahimtarki ne kawai; ranar da zai zama bincike sai da izinin shugabar makaranta, da yardar iyaye, da sahalewar kwamitin ɗa'a na jami'a. Wadda kika ga alamar farfaɗiya a tare da ita, ko take maganar mutuwa, ba ta littafi ba ce, a kai ta asibiti, ga na masu taɓin hankali a Kazaure, ga na Dawanau a Kano. Ki nemi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ki karanta, ita ta maye gurbin tsohuwar ta 1958.

Digiri na biyu ki yi shi a Bayero, kina karɓar albashinki. Na san yajin aiki, na 2022 wata takwas ya ci, amma ko da shi ya fi bashi sauƙi. In kin matsu sai waje, tallafin karatu na Birtaniya mai suna Chevening na son shekara biyu ta aiki, kin ma wuce, ga kuma na Commonwealth; dukansu biyu gida za ki dawo bayan kin gama. TETFund, hukumar tallafa wa ilimi mai zurfi ta Najeriya, ta malaman manyan makarantu ce, ba ta shafe ki ba tukuna. Wasiƙar neman farfesan da zai duba miki aikin bincike kuwa, wadda ta ce "ina sha'awar lafiyar ƙwaƙwalwa" ba a amsa ta. Wadda ta ce ga abin da na gani a zango shida a makarantar ƙauye a Jigawa, ga tambayar da ya haifar, ita ake buɗewa a karanta har ƙasa.

In an yi hutun ƙarshen zango ki ɗauki hoton shafi goma na farko ki turo mini, mu duba tare. Ki gaida Baba, ki ce masa na ce ya sa albasarsa bana. In kin ji mai tahowa, kukata ta ƙare.