Zanen yatsa ba ya nuna likita, Hajiya

Cikin tambayoyin da masu karatu suka turo, wani saurayi daga Gusau ya ce ya tara kuɗi zai sayi keken ɗinki sabo fil, amma bai taɓa taka feda ba. Ɗan'uwa riƙe kuɗinka tukuna, je ka zauna shagon tela har ka ga ɗinkin sallah da idonka, in ka kwana uku kan keke ba ka gudu ba sai ka nemi na hannu mai lafiya.

Shi kuma mai tambayar wace kalar biro ce ta fi buɗe kai a jarrabawa, Allah ya shirya.

Sai wata uwa daga Zariya, an turo mata talla a WhatsApp wai a ɗauki yatsun ɗanta mai shekara 9 a na'ura, ta biya dubu 30, a ba ta takarda ta ce likita zai zama ko injiniya. Tana tsoron kar ta zaɓa masa abin da zai cuce shi.

Hajiya kwantar da hankalinki, wannan damuwar ba a kanki aka fara ba. A 1575 wani likitan Sifen, Juan Huarte, ya buga littafi a garin Baeza kan yadda za a gane fannin da ya dace da kowane yaro. Ya ce su uku suka shiga ajin Latin tare, ɗaya ya kwashe, biyu suka kasa, da aka je manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, sai ɗaya cikin waɗanda suka kasa ya yi fice, da aka kai ilimin taurari kuwa na ukun da ake gani daƙiƙi ne cikin 'yan kwanaki ya wuce malamin. Har nan gaskiya ya faɗa, duk mai koyar da yara ya san haka. Inda ya ɓata shi ne bayanin, wai ƙwaƙwalwa mai danshi ita ke hadda, busasshiya ke fahimta, mai zafi ke waƙa da kiɗa da zane, har ya nemi sarkin Sifen, Filib na 2, ya sa masu gwada yara su raba musu fanni. Da wannan lissafin ne fa ya ce mata ba su da kan ilimi saboda sanyi da danshi, ga ki nan kina karanta ni.

To masu na'urar nan danshin suka cire suka sa yatsa. Zanen yatsa tun a ciki yake kafuwa, amfaninsa a gane mutum, shi ya sa ake dangwalawa a banki, ba ruwansa da lissafi ko aikin asibiti. Takarda ce mai kala-kala da za a ba kowace uwa ta ji daɗi, kuma wallahi ban taɓa jin wadda aka ce wa ɗanta birkila zai zama ba. Huarte ko ba komai ya zauna aji ya kalli mutane shekaru, su minti goma suke yi.

Ki tambayi malamin ajinsu, ki lura me yake yi in ba a sa shi ba, in hutu ya zo ki kai shi wajen mai gyaran waya ko kafinta da kika yarda da shi. Lambar mai tallan kuma ki toshe ta.