Maganin madura na sau ɗaya a sati da aka gwada a Sudan, ya fito kuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina rubutowa daga Gadarif a Sudan. Yayana manomi ne, shekara biyu kenan ƙafarsa ta kumbura, baya jin zafi sosai amma akwai ƴan ƙofofi da suke fitar da ruwa da wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar yashi. A asibiti sun ce madura ce suka ɗora shi a kan itraconazole kullum, kuɗin yana neman gagararmu. Sai naji ance akwai sabon magani da ake sha sau ɗaya a sati. Gaskiya ne? A ina ake samu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya baiwa yaya lafiya. Eh akwai shi, sunansa fosravuconazole, amma tun kafin muyi nisa kar ya ajiye wanda yake sha saboda wannan labarin.

Kamfanin Eisai na Japan ne ya ƙirƙiro maganin, kuma a can Japan ɗin tun 2018 ake bada shi amma don fangas (ƙwayar cuta dangin funfuna) na farce ne, ba don madura ba, wato wannan cuta mai kumbura ƙafa da yaya yake fama da ita. Ƙungiyar DNDi, mai nemo magungunan cututtukan da aka yi sakaci dasu, ita ce ta haɗa kai da su da cibiyar binciken madura ta Jami'ar Khartum, wadda Farfesa Ahmed Fahal yake jagoranta, suka fara gwaji a 2017 da mutum 104. Kafin nan ba'a taɓa yiwa wannan cuta gwaji mai tsari irin wannan ba, kaga irin watsin da akayi da ita, sai a 2016 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci dasu, alhali tana nan tana cin ƙafafun manoma da makiyaya daga Sudan zuwa Chadi da Nijar har Senegal.

An raba marasa lafiyar gida uku, wasu fosravuconazole miligiram 200 a sati, wasu 300 a sati, sauran kuma itraconazole 400 kullum, tsawon wata 12, kuma kowa sai da aka yi masa tiyata a wata na shida aka cire kumburin. Wannan tiyatar ita ce masu yaɗa labari suke tsallakewa. Da sakamako ya fito sabon maganin bai fi tsohon warkarwa ba, dukkansu dai sunyi aiki a kan mutane da yawa, kuma waɗanda aka gwada a kansu ciwonsu bai yi girma sosai ba.

To me yasa ake ta zumuɗinsa? Sauƙi ne kawai. Itraconazole safe da yamma ne, kafso huɗu a rana, dole da abinci, shekara guda ko fiye, ga tsada, mutumin da yake wuni a gona ko yana bin dabbobi sai ya gaji ya watsar a wata na uku cutar ta dawo. Shi fosravuconazole idan ya shiga jiki yana rikiɗa ya zama ravuconazole wanda yake daɗewa a jini, shi yasa sau ɗaya a sati ya isa. Aikinsu kuwa iri ɗaya ne, suna hana fangas ɗin haɗa wani sinadari mai suna ergosterol da yake gina fatar jikinsa da shi. Ni a ganina wannan sauƙin ba ƙaramin abu bane, amma dai ba warkarwar dare ɗaya bace kamar yadda ake ɗauka.

Maganar samu, yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula aikin cibiyar ta Khartum da komai nata. Ba maganin da zaka shiga kemis ka siya bane, duk wanda ya miƙo maka wani kwali a kasuwa yace shine, ka riƙe kuɗinka.

Baƙaƙen ƙwayoyin da ka ambata suna nuna fangas ne, mafi yawa wanda ake kira Madurella mycetomatis, yana zaune a ƙasa ya shiga ta sukar ƙaya, irin farar ƙaya da bagaruwa. Da ace farare ne ko rawaya ko ja to sau da yawa bakteriya ce, maganinta daban ne gaba ɗaya, su Septrin da allurar amikacin. Don haka, tunda nasa baƙaƙe ne, kamar likitocinsa suna kan hanyar da ta dace.

Ya riƙa shan kafson itraconazole ɗin bayan ya ci abinci sosai ba da ruwan shayi kawai ba. Maganin ulsa da na ƙwannafi suna hana shi shiga jiki, rifampicin na tarin fuka kuma yana karya ƙarfinsa, ya faɗawa likita duk abinda yake sha. A riƙa duba hanta lokaci lokaci, idan idonsa yayi rawaya ko ƙafafu biyu suka kumbura yana haki ya koma asibiti ranar. Don Allah banda tsaga ko ƙonawa wajen wanzami, yaɗa abin suke yi. Ku nemi ayi masa hoto a ga ko ta taɓa ƙashi, kuma ku tambayi likitan yaushe za'ayi tiyata, don shekara biyu ba kaɗan bace.