Tambayi Likita: Sake gina nono da naman jiki bayan tiyatar daji

Daga Argungu: Likita, wai in an cire nono ana iya haɗa wani da naman jikin mutum. Daga ina ake ɗebowa?

Galibi daga gadon baya ko mara, 'yar'uwa. Na baya, ana juyo fata da tsokar ƙasan allon kafaɗa ta ƙarƙashin hammata zuwa ƙirji, ba tare da an yanke jijiyar jininta ba. Na mara iri biyu ne, likitoci na kiransu TRAM da DIEP. TRAM yana tafiya da tsokar ciki, shi ya sa wasu cikinsu ke sakewa ya bunƙuro. DIEP kuwa fata da kitse ake yankowa, a ɗinke jijiyoyin jini masu kaurin milimita 1 zuwa 3 da na ƙirji ta madubin likita. Yakan ci awa 6 zuwa 8.

Daga Jega: Zan iya shayarwa da shi?

A'a, ba ya kawo ruwa. Ɗayan ma sai likitanki ya duba magungunan da kike sha.

Daga Zuru: Kwana goma da yi wa ƙanwata aikin, goggonmu ta dage sai an gasa wurin da ruwan zafi kumburi ya sauka.

Subhanallahi! Ki ba Goggo haƙuri, amma kada tsumman gashi ya taɓa ƙirjin nan. Fatar da aka dasa ba ta jin zafi, don an yanke jijiyoyin jinta. Ruwan zai dafa naman yarinya tana zaune tana hira, sai ya salo a farga, kuma irin wannan ƙuna na iya kashe dashen duka. Wannan ba jego ba ne. Garin magani ma a'a, ƙwayoyin cuta zai kai wa ɗinkin.

Abin yi, ki riƙa duban launin wurin safe da yamma a haske. In ya yi fari fat ya yi sanyi, jini ba ya shiga. In ya yi duhu ya ɗaure, jini ba ya fita. Ko wanne kika gani, ko zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ku nufi asibitin da aka yi aikin nan take ko da dare ne, ba a jiran gari ya waye. Babu daka, babu ɗaukar jarkar ruwa har mako 6.

Daga Yawuri: An ce daji ba ya son ƙarfe, shi ya sa nake ɓoye ƙululun da ke nonona.

Hajiya, wannan magana ta ci mata da yawa. Ɓoyon ne ke ba shi damar yaɗuwa. In an kama shi yana ƙarami, wani lokaci ƙululun kawai ake cirewa a bar nonon. Ki je asibiti a Birnin Kebbi a makon nan a duba ki, kuma kada kowa ya yi miki sakiya.