Ƙyastun Maƙera Ko Sandar Zamani: Wanne Zan Saya Wa Masu Koyo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mafarauci ne daga ƙaramar hukumar Alkaleri. Duk bayan girbi mukan yi gasar harbi da kwari da baka, wasu kuma da bindigar toka. Bana dattawa sun ɗora mini koya wa matasa kamar 20 kunna wuta ba da ashana ba. In je wurin maƙera in sa a yi mini ƙyastu, ko in sayi sandar ƙyasta wutar nan ta zamani da nake gani a waya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka sayi duka biyun, amma da sandar zamani za ka fara.

Suna kama da juna, aikinsu kuwa ya bambanta. A ƙyastun gargajiya, dutsen ƙanƙara ne yake kankare ƙarfe, sai ɗan tartsatsi ya fito, ja-ja, mai saurin mutuwa. Sandar zamani kuwa ita ake kankarewa. Haɗin ƙarafa ne da wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya samar a 1903, kuma irinsa ne ɗan ƙaramin dutsen da ke cikin laita. Zafin tartsatsinta yana kaiwa kusan digiri 3,000 a ma'aunin Celsius, kuma ko ta faɗa ruwa, da ka goge ta shi ke nan. Yaron da ya ga wuta ta tashi a ƙyastawarsa ta uku zai tsaya ya koyi sauran. Wanda ya yi minti ashirin yana fama da dutse har ya fasa ɗan yatsa, abokansa na yi masa dariya, sai dai ka hange shi can wajen masu harbi.

Wajen saye, kauri za ka duba. Nemi mai kaurin milimita 8 zuwa 12, tsawonta kamar santimita 10 zuwa 12, mai mariƙi. Ƙananan nan da ake rataya wa makulli araha ce kawai, hannu ba ya samun wurin kamawa kuma suna karyewa. Kada ka saya wa kowa tasa. Biyar sun isa, mutum huɗu kan kowace sanda, domin idonka ba zai iya bin wuta ashirin a lokaci guda ba. Idan abin kankarar da ya zo da ita bai da kaifi, karyayyen zarton yanka ƙarfe yana yi sosai. Ban yarda a ba mai koyo wuƙa ba.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne makamashi. Audugar rimi tana kamawa nan take, sai dai ƙiftawa da bisimilla ta cinye. Na fi son auduga ta gida, a shafa mata ɗan man basilin, a yayyage ta ta yi sako-sako. Wannan za ta yi mintuna tana ci, har yaro ya samu damar ɗora busasshiyar ciyawa, sannan ƙirare, sannan itace. Ka nuna musu su dafe bakin sandar a jikin audugar, su riƙe abin kankarar cak, su ja sandar baya. Yawancinsu hannu suke turawa gaba da ƙarfi, su watsar da audugar, su zauna suna zargin kayan.

Wanda ya iya wannan sau uku a jere, a ba shi na maƙera. Ka ce wa maƙerin ya yi da tsohon magagari, domin ƙarfen rodi ba ya ba da tartsatsin kirki, kuma ka ƙyasta a gabansa kafin ka biya. Shi ƙyastun maƙera yana buƙatar ƙonannen tsumma da zai kama tartsatsin. Ga yadda ake yin sa: yanka tsumman auduga zalla, zuba a gwangwani mai murfi, huda ƙaramar kafa, ɗora a garwashi har hayaƙi ya daina fita, kuma kada ka buɗe sai ya huce. Yadi mai roba narkewa yake yi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne bindigar toka. Duk mai albarushi a jaka ko a aljihu ya ajiye shi kafin ya matso, kuma wurin wutar ya yi nisa da layin harbi, ta ɓangaren da iska ba za ta kai musu tartsatsi ba. Lokacin hunturu ne, ciyawa ta bushe ƙayau, ga ku a maƙwabtan dajin Yankari. A share fili har ƙasa, a ajiye bokitin ruwa da na yashi, a sa dattijo ɗaya wanda aikinsa kashe wuta kawai.

Tambaya: Malam, daga Gombe nake. Na sayi sandar, na yi ta gogawa ba tartsatsi. An cuce ni ne?

Amsa: Da wuya, Hajiya. Sabuwa tana zuwa da baƙin fenti mai hana ta lalacewa. Ki kankare shi har ki ga farin ƙarfe yana ƙyalli, sannan ki danna da ƙarfi da abu mai kaifin gefe. Idan kin gama, ki goge ta ki adana a busasshen wuri, domin laima da gumi suna cin ta.