Zuwa ga 'yata da ke Dang, kan tambayar da ta jawo miki faɗa

'Yata,

Gaisuwa mai yawa. Ya karatu, ya sanyin Gaundare? Mu nan Garwa zafi ya kankama, amma kowa lafiya, mun gode Allah.

Kafin saƙonki ya iso, mahaifiyarki ta riga ta kira ni, saboda haka na ji ta bakin kowa. A taron nazarin Littafi Mai Tsarki na ɗalibai kin ɗaga hannu kin ce shekarun sarki Ahaziya ba su yi daidai ba tsakanin littafin Sarakuna da na Tarihi. Faston da ke jagorantar taron ya ce duk wanda ya ce akwai kuskure ko na wasali ɗaya a Littafi Mai Tsarki ya mai da Allah maƙaryaci. Ke kuma ba ki yi shiru ba, kika karanta masa ayoyin a gaban kowa. Mahaifiyarki ta ce kin zubar mata da mutunci, wai a gidanmu yarinya ba ta ja da babba. Yanzu kina tambayata ko hana yaro tambayar shugaban addini al'ada ce ko umarnin Allah, har kina cewa za ki daina zuwa sujada ki nemi Allah ke kaɗai a ɗaki.

Bari in fara da Ahaziya, don kada ki zaci zan kewaye miki. Abin da kika gani yana nan. A 2 Sarakuna 8:26 shekararsa 22 da ya hau sarauta. A 2 Tarihi 22:2, a rubutun Ibrananci da kuma Segond, fassarar Faransanci da kuke karantawa, 42 ne. To, koma baya kaɗan zuwa 2 Tarihi 21:20. Ubansa Yehoram ya hau gado yana da 32, ya yi shekara 8 yana mulki, ya rasu yana da 40. In ɗan yana da 42 a ranar da ya gaje shi, ya girmi ubansa da shekara biyu ke nan. Ba wanda zai ce haka ta faru. Wani magatakarda ne, yana kwafa da hannu, alƙalaminsa ya goce, waɗanda suka biyo bayansa kuma suka ji tsoron gyara abin da suka tarar, suka kwafe shi yadda yake. Ni wannan tsoron nasu ma yana ƙara mini amincewa da su, don mai son rufe ɓaraka da tuni ya goge 42 ɗin.

Ba shi kaɗai ba ne, gara ki ji daga bakina da ki tsinta a Facebook a bakin mai yi mana dariya. Ƙidayar da Yowab ya kawo wa Dawuda, 2 Sama'ila 24 ta ce mayaƙan Isra'ila 800,000 ne, na Yahuza 500,000. 1 Tarihi 21 ta ce 1,100,000 da 470,000. Ƙarshen Markus, daga 16:9 zuwa 20, babu shi a manyan tsoffin kundaye biyu na ƙarni na huɗu, wanda aka samo a Sina'i da wanda ke ajiye a Batikan. Labarin matar da aka kama da zina a Yahaya 8 ma babu shi a cikinsu. Ba asiri ba ne. Littattafai da yawa sun rubuta haka da ƙananan baƙaƙe a ƙasan shafi, kuma duk wanda ya zauna a makarantar tauhidi ya ji shi. Sai dai fastoci da yawa in sun hau bagade sukan bar wannan ilimin a cikin jaka, suna ganin tumaki ba za su iya ɗauka ba. A ganina raini ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Ita kuma koyarwar nan ta cewa babu kuskure ko ɗaya, a siffar da aka jefe ki da ita, tana da tarihi. Ikilisiya tun farko ta yarda Nassi hurarre ne daga Allah, yadda 2 Timoti 3:16 ta faɗa. Amma takardar da masu tsananin ra'ayin nan suke kafa hujja da ita, a Chicago ta Amurka aka rubuta ta a 1978, lokacin ina saurayi. Kuma ko su da suka sa hannu sun ce rashin kuskuren ya shafi rubutun farko ne da ya fito daga hannun marubutan, ba kwafe-kwafen da suka biyo baya ba. Rubutun farkon nan kuwa babu ko ɗaya a hannun kowa a yau. Kin ga ke nan fastonku ya wuce su Chicago tsanani. 'Yan'uwanmu Katolika, a babban taronsu na Batikan, sun faɗi tasu a 1965: Nassi yana koyar da gaskiyar da Allah ya so a rubuta domin cetonmu ba tare da kuskure ba. Littafinsu ma littattafai 73 ne, namu 66. Wanda muke amsa sunansa, Martin Luther, a 1522 ya kira wasiƙar Yakubu wasiƙar ciyawa don yana ganin bisharar ba ta fito sosai a cikinta ba. Ban yarda da shi a nan ba, ina son Yakubu ƙwarai. Amma in mutumin da ya tsaya a garin Worms na Jamus a 1521 gaban sarki da manyan ikilisiya ya ce sai an nuna masa daga Nassi da hujja bayyananniya kafin ya janye, ban ga yadda 'yar Lutheran za ta zama kafira don ta tambayi shekarun Ahaziya ba.

Yanzu ga al'ada, wadda ita ce ainihin tambayarki.

Gaskiya ne a gidanmu yaro ba ya kallon ƙwayar idon babba, ba ya kiran sunansa, ba ya ce masa "ba haka ba ne" a bainar jama'a. Haka muka tashi, mu da maƙwabtanmu Musulmi a unguwar Hausawa, ba bambanci. Amma wanda ya ce miki al'ada ta toshe bakin yaro gaba ɗaya bai san al'adar ba, ko kuwa ya ɗauki rabin da ya yi masa daɗi. Mutanen da sun san babba yana kuskure, shi ya sa suka bar ƙofofi. Jika yana faɗa wa kaka abin da ɗa ba zai iya faɗa wa uba ba, a cikin wasa, kuma maganar ta shiga. Taubashi haka. Kawu kuwa, ai don irin wannan ranar aka yi shi, ga shi kin zo. A fada ma, in Lamido ya yanke abin da bai yi ba, ba wanda zai miƙe ya ce ya yi kuskure. Wani dattijo ne zai sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya ja zamaninka, ko za a sake dubawa," ko a bari sai dare ya yi a same shi shi kaɗai. Magana ta isa, rawani kuma bai faɗi ba.

Na sha zama a zauren wani malami maƙwabcinmu bayan sallar asuba, ba don karatu ba, don hira da shayi. Ɗalibi yana gurfane a kan tabarma, takalminsa a waje, littafi buɗe a cinya. Yana jan baƙi, malam yana fassarawa. In abu ya shige masa duhu sai ya dakata, kansa a ƙasa, ya ce, "Allah ya gafarta malam, a nan ban gane ba, don jiya a wancan babin an ce kaza." Ka ji ja-in-ja sosai, amma sanye da rigar ladabi. Malam kuma ko ya warware, ko ya ce a bari ya duba. Shi ne ya ba ni labarin Imamu Malik, wanda mazhabarsa ake bi a ƙasar nan, cewa an ruwaito ana kawo masa tambayoyi daga nesa ya amsa da yawansu da "ban sani ba", bai ji kunya ba. Da fastonku ya iya faɗin kalmomin nan uku da ba mu kai nan ba.

Saboda haka al'ada ba ta hana tambaya. Abin da take tsarawa shi ne wuri, da lokaci, da murya, da wanda za a bi ta hannunsa. A nan mahaifiyarki tana da gaskiya. Kin ƙure mutum a gaban yaran da yake koyarwa, har wasu suka yi dariya, in ji ta. Babban da aka ƙure a fili ba ya neman gaskiya kuma, mafita yake nema, kuma mafi kusa ita ce ya kira ki marar bangaskiya. Ban wanke shi ba. Kalmar da ya jefe ki da ita ta fi abin da kika yi nauyi nesa ba kusa ba.

Na san za a kawo miki karin maganar nan, wai abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A kan aure da zaman duniya da halin mutane, sau da yawa haka ne. Amma 22 da 42 ba hange ba ne, a rubuce suke, mai ido ya karanta. Za a kuma kawo miki Zabura 105:15, kada a taɓa shafaffu na Allah. Karanta daga aya ta 8. Ana maganar su Ibrahim da Ishaku da Yakubu ne suna yawo baƙi a ƙasashen mutane, Allah yana gargaɗin sarakuna kada su cuce su. Ba a rubuta ta don ta zama garkuwar mai wa'azi daga tambayar 'yar makaranta ba. Littafin da kansa ya yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17 don suna bincika Nassi kowace rana su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa. Shi kuma a Antakiya ya tsaya wa Bitrus ido da ido. Ayuba ya yi ta jayayya da Allah babi bayan babi, a ƙarshe abokansa masu kare Allah da amsoshin da suka haddace su aka tsawata wa.

Akwai kuma abin da mahaifiyarki ta manta. Kakanmu da ya fara bin mishan, bayan sun shigo ƙasar nan a shekarun 1920, ai tambaya ya yi wa ubansa a kan abin da ake yanka wa kaza a gindin dutse. An kira shi marar kunya, an hana shi gado. Duk wata ikilisiya da ke arewacin nan yaran da suka tambayi iyayensu ne suka kafa ta.

Abin da ya sa na dage a kan wannan, mun ga inda rashin tambaya yake kaiwa. Muhammadu Marwa, Maitatsine, sunan garinmu na arewa yake ɗauke da shi. Ya tara yara a Kano waɗanda ba sa tambayarsa komai, a Disambar 1980 mutum fiye da 4,000 suka mutu, a 1984 kuma wutar ta iso Jimeta, nan kusa da mu. Abin da ya sami Kolofata da Fotokol da Amchide a hannun Boko Haram kin girma kin gani. Kada kuma ki ce na wasu ne. A Kenya, a dajin Shakahola, a 2023 an tono gawa fiye da 400 na mabiyan wani mai kiran kansa fasto da ya ce su yi azumi har su sadu da Yesu. Ko a nan Garwa, je ki ji yadda wasu sababbin majami'u suke sa mai ciwon suga ya ajiye maganinsa don "annabi" ya ce. Na fi son 'yata ta zama mai yawan tambaya da a ce ta zama irin waɗannan masu biyayya.

Sai dai maganar daina sujada, a nan ban bi ki ba. Kin ce za ki nemi Allah ke kaɗai. Wa zai tambaye ki ke? Wanda ya bar fasto ya koma ɗaki da waya bai rabu da shugaba ba, ya canja ne kawai, ya koma hannun wani mai magana a YouTube wanda bai san sunansa ba, ba zai zo jana'izar kowa nasa ba, kuma ba a iya ɗaga masa hannu. Waya kuma abin da kike so shi take ƙara kawo miki. Ki yi addu'arki ke kaɗai, ki yi karatunki, ki yi shakkarki, duk ba laifi. Toma ya ƙi yarda da shaidar 'yan'uwansa goma, amma da mako ya kewayo yana cikin ɗakin tare da su, ba su kore shi ba, shi ma bai kori kansa ba. Ni kaina akwai abubuwan da har yau ban daidaita da su ba, kamar kisan da ke cikin Joshuwa da batun wutar har abada ga mutanen kirki irin malamin nan maƙwabcina. Ina ɗauke da su ina zuwa sujada, ina karɓar Jibin Ubangiji, ba wanda ya ce sai na warware su kafin a ba ni.

Ga abin da nake so ki yi. Ki kira mahaifiyarki ki ba ta haƙuri a kan yadda abin ya faru, ba a kan tambayar ba, kuma kada ki tsaya yi mata bayanin bambancin, ni zan yi. Sannan ki sami wata dattijuwa cikin matan ikilisiyar can ta raka ki gidan faston da yamma, ba ranar Lahadi ba. Ki durƙusa ki gaishe shi, ki ce ba ki yi nufin kunyata shi ba. In ya sake, ki buɗe 2 Tarihi 21:20 ki ce ya taimake ki da lissafin, ki bar shi ya haɗa 32 da 8 da bakinsa. In ya ce kuskuren mai kwafa ne, ki yi godiya ki tashi, kada ki ƙara ko kalma. In kuwa ya sake kiran ki marar bangaskiya, kada ki amsa, ki rubuto mini, zan hau mota in zo Gaundare mu zauna da shi, don tsakanin tsofaffi akwai abin da zan iya faɗa masa wanda ke ba za ki iya ba.

In kin zo hutu ki taho da Segond ɗinki, ni kuma zan fito da tsohon na Hausa na 1932 da na gada, mu bi mutuwar Yahuza Iskariyoti a Matiyu 27 da Ayyukan Manzanni 1, don na san ita ce za ki tambaya nan gaba.

Kawunki.