Abin da ya sa na ce wa Alhaji injin waya biyu sun isa

Ɗana, jiya da muna auna ɗakin da Alhaji zai buɗe wajen motsa jiki, na ga ka ɓata rai. Da muka fito ka ce, "Maigida, mutum na da kuɗin injin waya biyar, irin mai wayar ƙarfe da ake ja a ɗaga nauyi, ka ce ya tsaya a biyu, sauran ya zuba a sanduna da fayafayan ƙarfe. Ba mu muka rage wa kanmu aiki ba?" Ana kiran la'asar lokacin, shi ya sa ban tanka ba. Jawo benci ka zauna.

Fara tambayar kanka su wa za su shigo ɗakin. Nan Maraɗi ne, jihar da Yakuba Kantu ya ciyo wa takobin farko na kokowar ƙasa a Tawa a 1975. Masu cika wurin bayan magariba 'yan kokowa ne da 'yan ƙwallo da samari masu shirin shiga soja. Ƙarfin cinya da ƙugu da baya suke nema, kuma ban ga abin da ke ba da shi kamar mutum ya ɗora sanda a kafaɗa ya tsuguna ya miƙe ba, ko ya ɗago ta daga ƙasa. Sanda ba ta riƙe kanta. In ta karkata, jikinka ne zai dawo da ita, tun daga tafin ƙafa har wuya, kamar yadda abokin karawa ba ya tsaya maka wuri ɗaya a fage.

Amma kada ka ɗauka na raina injin waya. Ɗauko ƙaramin ƙarfen hannun can, mai kilo 5, ka ɗaga shi ta gefe. Ka ji? Daga ƙasa kamar ba ka riƙe komai ba, sai da hannunka ya kai daidai kafaɗa ya zame maka dutse. Ƙarfe ƙasa kawai ya san ja. Ita waya, inda ka ɗaura 'yar tayar da take bi, daga nan take jan ka: daga sama, daga gefe, daga ƙasa, kuma ba ta sakin nauyin tun farkon motsi har ƙarshensa. Ga ɗan kasuwa mai kilo 100 da likita ya ce ya rage teɓa. Ba zai iya rataya a ƙarfe ya ja jikinsa sama ko sau ɗaya ba, amma zai zauna a inji ya jawo kilo 25 zuwa ƙirji, bayan sati biyu ya matsar da ƙusar da ake zaɓar nauyi da ita ƙasa kaɗan, ya ƙara nauyi. Haka dattijo mai ciwon kafaɗa, haka matan da ake ware wa lokacin safe. Saboda su na ce biyu: ɗaya na jawowa daga sama da daga gaba a zaune, ɗaya mai tayoyin da ake hawa da sauka da su.

Af, tun da na tuna: lambar da ke jikin tubalan inji, wato ƙarafan nauyin da wayar ke ɗagawa, kada ta ruɗe ka. A wasu injinan wayar na zagaya wata taya da ke maƙale a kan tubalan, sai kilo 40 ya iso hannu yana 20. Shi ya sa yaro zai yi ta cika baki a inji, a ba shi sanda ya yi tsit.

Babban dalilina dai ƙura ce. Ka san yadda hunturu ke mana. Sandunan da tubalan ke zamewa a kai, in ka shafa musu giris, kwana uku ya zama laka mai yashi, tubali ya riƙa tsayawa yana fizga. Tsumma busasshe suke so kullum, sai ɗan man silikon. Wayar kuwa ƙarfe ne murɗaɗɗe cikin rigar roba, 'yar uwar wayar birkin babur, kuma zafin Afrilu ba ya barin robar ta daɗe. Duba ta da yatsa, musamman bakin maɗauri da inda take lanƙwasa a kan taya. Da ka ji tsagewa ko silin ƙarfe ya soke ka, cire ƙusar, ka ɗaure injin da igiya. Na taɓa ganin robar ta tsage a wani waje na ce sai gobe. Daren nan ta tsinke wa wani yaro, sandar ja ta fasa masa leɓe. Har yau in na gamu da shi kunya nake ji.

Kuma in ta tsinke, a ina za ka samo? Sau da yawa sai an aika Kano ta Ɗan Isa da Jibiya. Da aka rufe iyaka a 2023, injina nawa muka gani sun koma maratayin riguna? Faifan ƙarfe kuwa sai dai tsatsa, ka kankare ka shafa fenti.

Gobe ga abin da za ka yi. Babbar sanda mita 2 da santimita 20 ce, kilo 20, bakinta milimita 50. Ka ja layi da alli, kowace sanda ka ba ta faɗin mita 3 aƙalla don mai sa faifai ya sami wurin tsayawa. Injinan biyu jikin bango, nesa da taga, mu ɗaure su da noti a siminti. Ka kuma auna ramin kowane faifai kafin Alhaji ya biya, don akwai masu ƙaramin rami da ba za su shiga sandar ba. Mita na cikin jakata, alli kuma ka saya a hanya.